Idan Aka Fara Maganar Rage Ma'aikata: Tambayoyi da Amsoshi Kan Haƙƙin Ma'aikaci a Najeriya

Yawancin ma'aikata a makon farko suke asarar haƙƙinsu: ranar da aka kira su ofis, aka miƙo musu takarda, suka sa hannu cikin ruɗewa, suka fita. Bayan wata uku, hankali ya kwanta, sai a fara neman lauya, alhali abin da lauyan zai yi aiki da shi an baro shi a kan teburin manaja. Amsoshin da ke ƙasa a kan dokar Najeriya suke, kuma an rubuta su ne don a karanta tun kafin wannan kiran ya zo.

Ana ta raɗe-raɗin za a rage ma'aikata a wurinmu. Me zan fara yi?

Tara takardunka, yau ɗin nan. Takardar ɗaukar aiki, ta tabbatar da kai, ta ƙarin girma, takardun albashi na wata-wata, littafin ƙa'idojin aiki na kamfani, duk wata takardar yabo ko ta tuhuma tare da amsar da ka bayar. Ɗauki hotonsu, ka aje kwafi a gida. Ranar da aka sallami mutum, sau da yawa kafin ya koma kujerarsa an rufe masa imel ɗin ofis an karɓe kwamfuta, kuma abin da ke ciki ya tafi ke nan. Abin da ya shafi aikinka kawai za ka ɗauka. Sirrin kamfani da bayanan abokan cinikinsa ba naka ba ne, kwasarsu ma tana iya zama hujjar korarka.

Sai ka zauna ka karanta takardar ɗaukar aikin nan da wataƙila tun ranar da aka ba ka ba ka sake buɗe ta ba. Nemi wurin da ya yi maganar notis, garatuti da kuɗin sallama. Idan akwai ƙungiyar ƙwadago a wurinku, tambayi shugabanninta ko akwai yarjejeniyar da suka ƙulla da kamfani, ka roƙi kwafi.

Mene ne bambancin rage ma'aikata da kora?

Kora hukunci ce a kan laifi. Rage ma'aikata kuwa, kamar yadda sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya fassara shi, rasa aiki ne na dindindin, ba da son ran ma'aikaci ba, saboda ma'aikata sun fi ƙarfin aikin da ake da shi. Wato kujerar ce ta tafi, kai ba ka yi komai ba. Wannan bambanci yana da nauyi ta fuska biyu: wanda aka kora bisa babban laifi yana iya rasa notis da wasu haƙƙoƙi, kuma tabon yana bin sa duk inda ya je neman aiki.

Idan aka ce an soke kujerarka, bayan mako biyu ka ji an ɗauko wani an ɗora a kanta yana yin aikin da kake yi, to a rubuta ranar da sunan muƙamin. Wannan alama ce mai ƙarfi cewa raba ka da aiki aka yi niyya, aka laɓe da sunan ragi.

Me doka ta ɗora wa mai kamfani kafin ya rage mutane?

Abu uku ne a sashe na 20. Na farko, ya sanar da ƙungiyar ƙwadago ko wakilin ma'aikata dalilin ragin da yawan waɗanda zai shafa. Na biyu, a cikin rukunin ma'aikatan da abin ya shafa, wanda ya zo a ƙarshe shi ne zai fara tafiya, amma ana duba ƙwarewa, iya aiki da riƙon amana. Na uku, ya yi iya ƙoƙarinsa a daidaita kan kuɗin sallama.

Kalmar "amma" ta sharaɗi na biyu ita ce ƙofar da son kai ke shigowa. Ana iya barin ɗan'uwan oga da ya zo bara, a sallami wanda ya shekara goma sha biyu, a ce wancan ya fi ƙwarewa. Don haka kana da damar tambaya a rubuce: da wane ma'auni aka zaɓe ni? Kamfanin da ya yi abinsa da gaskiya ba ya jin nauyin amsa wannan tambaya. Wanda ya yi shiru kuwa, shirunsa zai yi maka amfani a gaban alƙali, musamman idan takardun auna ƙwazonka na shekarun baya masu kyau ne.

Nawa ne kuɗin sallamar da doka ta yanka?

Ba ta yanka ba. Wannan shi ne babban raunin dokar, wadda tun shekarun 1970 aka rubuta ta. Ta ce a tattauna, ba ta faɗi adadi ba. Abin da za ka samu ya dogara ne da takardar ɗaukar aikinka, littafin ƙa'idojin kamfani, yarjejeniyar ƙungiya, da abin da kamfanin ya saba biyan waɗanda ya rage a baya. Shi ya sa ma'aikatan da ke da ƙungiya mai ƙarfi suke fita da abin a zo a gani, su kuwa waɗanda ake kira ɗaya bayan ɗaya a rufe ƙofa suke fita da abin da aka ga dama.

Akwai abin da naka ne ko da babu wata tattaunawa: albashin da ka riga ka yi wa aiki, kuɗin notis, kuɗin hutun da ba ka tafi ba idan ƙa'idar wurinku ta tanada, alawus ɗin da aka riƙe, garatuti idan yana cikin yarjejeniyarka, da kuɗin fansho. Kada ka bari a dunƙule maka su a adadi ɗaya. Ka ce a rarrabe kowanne a layinsa, don a cikin dunƙulewar ne ake lissafa maka albashinka na watan jiya a matsayin kyauta.

Notis na kwana nawa ya kamata a ba ni?

Sashe na 11 ya sa mafi ƙarancin wa'adi: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 a aiki ba, mako 1 daga nan zuwa ƙasa da shekara 2, mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata 1 ga wanda ya kai shekara 5 ko fiye. Notis na mako guda ko sama da haka dole ya zama a rubuce. Idan takardar aikinka ta ba da wa'adin da ya fi wannan, ita za a bi. Kamfani yana iya biyanka kuɗi a madadin notis, kuma bisa dokar ainihin albashi ake lissafawa, ban da kuɗin ƙarin lokaci da sauran alawus, sai dai idan yarjejeniyarka ta ce ba haka ba.

Ni akanta ce a kamfani. An ce Dokar Ƙwadago ba ta shafe ni ba. Gaskiya ne?

Akwai ƙamshin gaskiya. Sashe na 91 ya keɓe dokar ga masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis, ya cire masu gudanarwa, manyan jami'ai da ƙwararru. Sai dai wannan bai bar ki a fili ba. Yarjejeniyar aikinki doka ce tsakaninki da kamfani. Sannan gyaran da aka yi wa tsarin mulki a 2010, sashe na 254C, ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron duk wata shari'ar aiki, ta manaja da ta masinja, kuma ya ba ta damar duba rashin adalci a wurin aiki da yin amfani da ƙa'idojin da duniya ta amince da su.

To kamfani zai iya sallamata ba tare da faɗin dalili ba?

A da haka abin yake: mai kamfani ya ba da notis, shi ke nan, da dalili ko babu. Kotun Ma'aikata ta fara juya wa wannan baya. A 2015, a shari'ar da wani ma'aikaci ya kai bankin Diamond, ta ce sallamar mutum ba tare da dalili mai alaƙa da aikinsa ba ta saɓa wa ƙa'idojin aiki na duniya, inda ta jingina da yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, duk da Najeriya ba ta rattaba hannu a kanta ba. Tsohuwar ƙa'idar ba ta mutu gaba ɗaya ba, lauyoyin kamfanoni har gobe suna kafa hujja da ita. Amma takarda mai layi ɗaya da ke cewa ba a buƙatar aikinka yanzu abin ƙalubalanta ce. Kuma idan kamfani ya faɗi dalili, to tabbatar da shi ya hau kansa.

An kira ni an ce in rubuta takardar ajiye aiki da kaina, wai don a rufa min asiri. In rubuta?

Kada ka rubuta a wannan zaman. Duk cikin tambayoyin nan babu wadda ta kai wannan cutar da mutane, domin ana zuwa da ita da murya mai taushi. Za a ce maka gara ka fita da mutuncinka, takardarka ta zama mai tsabta, in ka ƙi kuma kora za ta biyo baya. Mutum mai kunya, wanda ba ya son sunansa ya ɓaci a gari, sai ya karɓi biro.

Duba abin da ke faruwa da zarar ka sa hannu. A takarda, kai ne ka tafi don kanka. Kuɗin sallama na wanda aka rage ne, kai ba a rage ka ba. Kuɗin notis ya faɗi, wani wurin ma kai za a ce ka biya kamfani. Idan laifi ake zarginka da shi, ka sauke musu nauyin kafa kwamiti da kawo hujja. Sun samu abin da suke so a kyauta.

Abin da za ka ce kaɗan ne, kuma cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, a ba ni wannan magana a rubuce, in je in yi shawara." Kana fita, rubuta abin da ya faru: rana, lokaci, waɗanda ke ɗakin, abin da kowa ya faɗa. Idan da hali ka tura wa sashen kula da ma'aikata saƙo cewa yau an nemi ka ajiye aiki, kai kuma ba ka da wannan niyya.

Idan kuma ka riga ka rubuta, ba a rufe ƙofa ba. Kotu ta san murabus na tilas, kuma tana ɗaukarsa a matsayin kora. A 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin da ya ba wata ma'aikaciya diyyar albashin shekara biyu a kan kamfanin Sahara Energy bayan an raba ta da aikinta ba bisa ƙa'ida ba. Sai dai tabbatar da tilas yana kan wuyanka, don haka rubuta takardar ƙorafi nan take. Wanda ya yi shiru wata shida zai sha wahalar gamsar da alƙali cewa dole aka yi masa.

Sun ce ba za a ba ni kuɗina ba sai na sa hannu cewa ba na bin kamfani komai.

Nemi kwafi ka tafi da shi gida, wani wanda ya san doka ya duba. Albashin da ka yi wa aiki ba a sa masa sharaɗi. Idan matsin rayuwa ya sa dole ka karɓa, rubuta kusa da sa hannunka cewa ka karɓi wannan adadi ne ba tare da yafe ragowar haƙƙinka ba, ka ɗauki hoton takardar.

Ba a sallame ni ba, amma oga ya sa ni a gaba: tuhuma kan tuhuma, yankan albashi, canjin wuri. Ina da abin yi?

Kana da shi, kuma wannan salo sananne ne: a ƙuntata wa mutum har ya gaji ya tafi da ƙafarsa. Kowace takardar tuhuma ka amsa ta a rubuce, a cikin wa'adi, da hujja, ba tare da zagi ba, ka riƙe kwafi. Rashin amsawa shi ne abin da ake jira.

Batun yankan albashi, sashe na 5 bai yarda mai kamfani ya ci ma'aikaci tara yadda ya ga dama ba. Ko ɓarna ka jawo, sai da izinin jami'in ƙwadago a rubuce za a cire, kuma jimillar abin da za a cire a wata kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi. Dakatarwa ba albashi, wadda ba ta da ranar ƙarewa kuma ba ta da tushe a ƙa'idojin aikinku, kotu ta sha yin watsi da ita. Mayar da kai ƙarƙashin wani kamfani daban kuma, sashe na 10 ya ce sai da yardarka.

Kai ƙorafi sama da ogan, a rubuce, ta hanyar da littafin kamfani ya tsara. Ko ba a yi komai a kai ba, ka kafa tarihi cewa kamfani ya sani.

Ina da juna biyu, kuma na ji sunana yana cikin jerin.

Sashe na 54 ya ba ki hutun haihuwa na mako 12, shida kafin haihuwa shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan kin kai wata 6 a aikin, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa bayan kin dawo. Haramun ne a ba ki notis ɗin sallama kina cikin wannan hutu, ko notis da zai ƙare a cikinsa. Ki sanar da kamfani a rubuce tare da takardar likita, don kada gobe a ce ba a sani ba.

Akwai abin da mata da yawa ke haɗiyewa saboda kunya: shugaban da ya nemi mace, ta ƙi, sai sunanta ya bayyana a jerin waɗanda za a rage. Kotun Ma'aikata ta taɓa hukunci a kan irin wannan tun 2013, a shari'ar da wata ma'aikaciya ta kai Microsoft reshen Najeriya, ta kuma ci nasara. A 2022 Najeriya ta amince da yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan cin zarafi a wurin aiki. 'Yar'uwa, kada ki goge saƙonnin, komai ƙyamarsu. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana taimakawa a irin wannan.

Ina zargin saboda ƙabilata, addinina, ko shigata ƙungiya aka zaɓe ni.

Sashe na 42 na tsarin mulki ya hana wariya kan ƙabila, asali, jinsi, addini ko ra'ayin siyasa. Sashe na 9 na Dokar Ƙwadago ya hana korar mutum don yana ƙungiya ko yana yi mata aiki. Akwai dokar 2014 da ta hana wariya ga masu cutar ƙanjamau, da ta 2018 ga masu buƙata ta musamman. Wahalar ita ce hujja, don ba wanda zai rubuta wannan dalili a takarda. Abin da ke fallasa shi shi ne jerin kansa: su wa aka cire, su wa aka bari, yaushe kowa ya shigo.

Shekarata bakwai a masana'anta a Sharaɗa da ke Kano, ba a taɓa ba ni takarda ba. Kullum ana ce mana 'yan wucin gadi.

Sashe na 7 ya wajabta wa mai kamfani ya ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki kafin cikar wata 3. Rashin ba ka ita gazawarsa ce, kuma ba ta soke cewa ka yi aiki. Katin shaida, saƙon banki na shigar albashi, rajistar sa hannu, kayan aiki masu tambarin kamfani, abokan aikin da za su ba da shaida, duk hujja ne. Idan ta hannun wani ɗan kwangila aka kawo ka, amma masana'antar ce ke ba ka umarni tana tsara maka lokaci, kotu tana iya ɗaukar su biyun a matsayin iyayen gidanka, ka nemi haƙƙi daga kowannensu.

Ni ma'aikacin gwamnati ne. Lamarina ɗaya da na kamfani?

A'a, kariyarka ta fi ƙarfi. Wanda dokar aikin gwamnati ta tsara ɗaukarsa da sallamarsa, dole a bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, a kuma saurare shi. Idan aka tsallake, kotu tana iya mayar da shi bakin aiki a biya shi albashin baya. Ma'aikacin kamfani galibi diyya yake samu.

Wannan bai hana gwamnatoci sallamar jama'a da yawa lokaci guda ba. Kaduna ta sallami malaman firamare sama da 21,000 bayan jarabawar 2017, kuma sallamar ma'aikata ta 2021 ce ta sa ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, ta tsayar da jihar cik a watan Mayu, har aka rasa wuta da jirgin ƙasa, kafin gwamnatin tarayya ta shiga tsakani. Yajin aiki yana tilasta a zauna a tebur, amma shari'ar mutum ɗaya ba ta jiran ƙungiya. Kula da lokaci sosai: akwai dokar da ke kare jami'an gwamnati daga ƙarar da ta wuce wata 3, kuma kotuna sun sha bambanta kan ko ta shafi shari'ar aiki. Shigar da ƙara a cikin wata ukun, ka huta da wannan gardama.

Kuɗin fanshona fa?

Naka ne, yana asusunka, sallama ba ta taɓa shi. Dokar fansho ta 2014 ta ce kai kashi 8, kamfani aƙalla kashi 10, kuma a tura cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi. Je wurin kamfanin da ke kula da fanshonka ka karɓi bayanin asusu tun yanzu, domin akwai masu cirewa a albashi su ƙi turawa, mutum bai sani ba sai ya zo karɓa. Idan ka ga giɓi, kai ƙara hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom. Wanda bai kai shekara 50 ba, ya yi wata 4 bai sami wani aiki ba, yana iya cire har kashi 25 na abin da ke asusun. Za a nemi takardar sallama, don haka kada ka bar kamfani ba tare da ita ba.

Iyayena sun ce in yi haƙuri in bar su da Allah.

Maganar iyaye abin girmamawa ce, kuma akwai hikima a cikinta: shari'a tana cin lokaci, tana cin kuɗi, tana hana barci. Idan abin da kake bi kaɗan ne, sasantawa ta fi. Amma a zauna da su a yi musu bayani. Addinin da ya koyar da haƙuri shi ne ya ce a biya ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Kuɗin nan abincin 'ya'yanka ne da kuɗin makarantarsu, neman su kuma ba rashin tawakkali ba ne. Ka kuma tuna da waɗanda ka baro a ciki: yadda aka yi da kai aka kwana lafiya, haka za a yi da su.

Idan kamfanin ya rufe gaba ɗaya fa?

Nan ne abin ya fi ciwo. Masaƙar KTL da ke Kakuri a Kaduna, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka kwashe shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu, da yawa suka rasu ba su karɓa ba. Ma'aikatan Nigeria Airways, da aka rushe a 2003, a 2018 ma wani kaso ne kawai na kuɗinsu gwamnati ta saki. Dokar kamfanoni ta 2020 ta sa albashin ma'aikata cikin basussukan da ake fara biya idan aka rushe kamfani, amma sai an sami abin rabawa. Don haka idan albashi ya fara makalewa wata biyu, uku, kana ganin ana fitar da injuna da dare, ku haɗu ku nemi lauya tun kadarorin suna nan, kuma ku miƙa lissafin kowa a rubuce ga wanda aka naɗa ya sayar da su.

Ina zan kai kuka, kuma ta ina zan fara?

Fara da takarda zuwa ga kamfanin: abin da kake bi dalla-dalla, da wa'adin da ka ba su, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Idan kana da ƙungiya, ta shigo. Daga nan sai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya da ke jiharka, inda jami'ai ke kiran ɓangarorin biyu a sasanta, kuma rigingimu da yawa a nan suke ƙarewa. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ma tana karɓar irin wannan ƙorafi kyauta.

In duk ya ci tura, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da rassa a Kano, Kaduna, Jos, Abuja da wasu biranen, tana kuma da cibiyar sulhu a cikinta. Kada ka kai ƙarar babbar kotun jiha ko kotun majistare, ba su da hurumi, za ka ɓata lokaci ne kawai. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya tuntuɓi Hukumar Ba da Agajin Shari'a. Idan ku da yawa ne abin ya shafa, ku ɗauki lauya ɗaya ku raba kuɗin, kuma ku yi yarjejeniya da shi a rubuce kan nawa zai karɓa da lokacin da zai karɓa kafin ya shigar da ƙarar.